Shuɗin Leshin Inna

Mu biyu muka jawo adakar daga ƙarƙashin gado, ni da Auta, muna nishi. Muna ɗaga murfin warin kafur ya buge mu, har idona ya kawo ruwa. Uwar Auta, maƙwabciyata da duk layinmu ke kira Inna, tana jingine da filo tana nuna mana da yatsa.

Kayan da 'ya'yanta ke aiko mata ne shekara da shekaru, duk a ɗinke, ko ɗaya bai taɓa jikinta ba. In sabo ya zo sai ta shafa, ta sa albarka, ta ninke, ta jefa kafur ta rufe. Na sha yi mata tsiya cewa asu ma ya haƙura ya bar mata gidan. Ita dai sai ta ce ranarsu tana zuwa.

To ran nan, bayan ciwon ƙirji ya daɗe da kwantar da ita, ta ce a ciro mata shuɗin leshin da ke can ƙasa.

"Yau zan sa," in ji ta.

Auta ta ce ba da ita ba. Likita ya hana a kawo mata duk abu mai ƙarfin wari, ga numfashi da ƙyar. Kuma gaskiyarta, tun da muka buɗe adakar tari ya taso wa tsohuwar. Ni dai raina ya sosu, na ce a bar baiwar Allah ta sa abinta mana. Amma ina maƙwabciya ina ja da 'ya? Aka tsaya a kan a shanya shi ya sha iska, gobe ta sa.

Na shanya shi a igiyar da ke daidai tagarta. Inna ta sa aka ɗage labule. Ta daɗe tana kallonsa, duk sawun ninki ya fito raɗau a jikinsa.

"Ashe haka yake da kyau," ta ce. "Ban taɓa ganinsa cikin rana ba."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, Auta na ɗumama mata ruwan wanka. Mutane suka yi ta shigowa, ba wanda ya tuna da shanya. Sai da yamma na je ɗaukewa. Na kai hannun rigar hancina na shinshina. Babu sauran wari ko kaɗan.