Gargaɗin Iska Ranar Jana'izar Alhaji Mahmudu

An sanar a rediyo cewa za a yi jana'izar Alhaji Mahmudu bayan sallar la'asar, a gidansa da ke Nassarawa GRA, Kano. Ya rasu da asuba a wani asibiti a Abuja, matarsa Hajiya Kande kuma za ta taho da gawar a jirgin rana. Tun azahar motoci suka cika layin. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin maɗaci, an aika maƙabarta an haƙa kabari.

La'asar ta yi, jirgin bai taso ba.

Alhaji Ashiru, ƙanen mamacin, shi ne ke karɓar gaisuwa. Ya kira kamfanin jirgin, aka ce masa matuƙi ya ƙi tashi, saboda ofishin hasashen yanayi na filin jirgin da zai sauka ya fitar da gargaɗin hadari da iska mai ƙarfi. Ya ɗaga kai. Sama garau take tsakanin rassan, ganye ko motsi ba ya yi.

Ya shiga cikin gida ya sa aka kira masa Hafsat, babbar 'yar mamacin. A wannan ofishin take aiki, ita ce shugabar masu duba yanayi, rasuwar ce ta hana ta fita ranar.

"Hafsatu, mutanenki ne suka riƙe mahaifinki a Abuja."

"Na ji, Baffa."

"Leƙa ki ga sama. Kira su. Ban ce a yi ƙarya ba, a dai sassauta. Ko'ina ana yi wa ma'aikaci alfarma, balle ranar mutuwar ubansa. Liman ya zo tun daga Hotoro, mutanen Ringim suna son su koma da haske. In rana ta faɗi sai gobe. Kin fi ni sanin yadda ya tsani a kwanar da gawa."

Ta sani. Mahaifinta yakan bar abinci a gabansa idan aka ce an fito da gawa a unguwa.

Ta kira Fabian, mutumin Wusasa, wanda ke bakin aiki a wannan yammacin. Ta buɗe muryar wayar don Baffa ya ji.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin, na gode. Me kake gani?"

"Yanzu na sauko daga bene. Hadari ya haɗu ta wajen Minjibir, baƙi ƙirin, kansa ya baje. Amma iskar ce ta fi damuna. Na'urar wannan ƙarshen titin jirgi ta ce daga gabas take, ta wancan ƙarshen ta ce daga yamma."

Hafsat ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Jirgi mai sauka ya riga ya rage gudu, yana kusa da ƙasa. Idan iska ta juya masa a nan, tana iya danne shi kafin matuƙi ya yi wani abu.

Alhaji Ashiru ya matso. "Malam Fabian, mu nan ko kaza ba ta nemi mafaka ba."

"Ranka ya daɗe, ai ku a GRA bishiyoyi sun tare muku gari. Abin da ke bisa kanku kawai kuke gani. Mu nan fili ne fetal, ko akuya ta yi atishawa a Ungogo sai mun gani."

"Zai zubo a filin?" in ji Hafsat.

"Yana iya ratsewa ta arewa. Ba zan rantse ba."

"To, kin ji," in ji Alhaji Ashiru. "Shi kansa bai tabbata ba."

Fabian ya rage murya. "Hajiya, in kin ce in sake duba gargaɗin yanzu, sai in sake."

Ta gane abin da yake miƙo mata. Ita ta koya masa aikin, kalma ɗaya daga bakinta ta isa.

"A'a. Ka duba a lokacin da aka saba. Abin da ka gani shi za ka aika."

Ta kashe wayar.

"Baffa, Umma tana cikin jirgin nan, da wasu mutanen da ban san su ba. Matuƙin ba ya hango Kano daga Abuja. Abin da muka aika masa, shi ne idonsa."

Alhaji Ashiru ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa takalminsa ya koma wajen maza.

Hadarin ya ratse ta arewa. A GRA wata iska mai sanyi ce kawai ta zubo busassun ganye a kan tabarmi, ta wuce. Gab da magariba Fabian ya janye gargaɗin, jirgin ya taso.

Bayan salla Alhaji Ashiru ya miƙe a gaban jama'a ya ba da haƙuri, ya ce jana'iza sai gobe da safe. Mutanen Ringim suka fara neman inda za su kwana. Ya tura mutum biyu maƙabarta da fallen kwano su rufe kabarin, ko da ruwa zai zo cikin dare. Sannan ya shigo ya tsaya a ƙofar falon mata.

"Ko ɗigo ba a yi ba, Hafsatu."

"Ba a yi ba, Baffa."

Ya juya makullin mota a hannunsa. "Ɗauko mayafinki. Ke kika san ƙofar da ake fito da gawa a filin nan."