Batirin Motar Ubaidullahi

Shekarata goma sha tara ina gyaran wayar mota a Rano, kuma na tsani a dawo min da aiki. Ubaidullahi sau uku ya kawo min motarsa cikin mako biyu, kuka iri ɗaya: ya ajiye ta da batir a cike, gari ya waye ko hon ba ta yi, sai maƙwabta sun taru sun tura.

Bafulatanin Durba ne, cikin waɗanda suka zauna suka kama noma. Ba don gayu ya sayi motar ba. Bara matarsa Ramlatu ta fara naƙuda, aka yi ta neman abin hawa, kafin a iso asibiti ɗan ya koma. Da ta sake samun ciki sai ya sayar da bijimai biyu ya sayo wannan tsohuwar, ya koyi tuƙi a filin makaranta. Yanzu watan Ramlatu ya kama, mota kuma ta ce ba ta san zancen ba.

Na auna batir, lafiya lau. Na auna caji, yana shiga. Na zare kan batir na ɗan taɓa shi a jikin ƙarfen ko zan ga tartsatsi, alamar wani abu na shan wuta a ɓoye, ban ga komai ba. A gabana motar nan ta fi liman natsuwa. Raina ya ɓaci, har na zarge shi da kwana da rediyo a kunne. Bai yi musu ba, ya dai ɗora hannu a kan motar ya ce, “Malam Mahdi, ina tsoron ranar ta zo in murɗa makulli in ji shiru.”

Sai na ji kunyar faɗan da na yi. Na ce masa tunda ɓarawon wutar ba ya biyo ta Rano, ni zan je in same shi a gida, kuma kada kowa ya taɓa motar kafin in zo.

Washegari da sassafe na hau babur na tafi Durba. Motar na ƙarƙashin rumfar kara a cikin gida. Mahaifiyarsa, Inna Jumai, tana gefe tana ba kaji dusa. Na gaishe ta ta amsa da fara'a, shi kuwa da ya durƙusa sai ta amsa tana kallon kaji. Ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take cewa, kuma a gaban mutane ba ta nuna ta san matarsa na da ciki, balle ta sa baki. Ta kwashi ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Ina taɓa kan batir sai ga ɗan tartsatsi. Na shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, a na shida ya ɗauke. Na fitilun ciki ne. Ƙofofi huɗu a rufe suke gam, don haka na zagaya baya, na sa ɗan yatsa a murfin but, sai ya ɗaga. An dai sauke shi, amma bai kama ba, ƙaramar fitilar ciki tana ta ci tun jiya. Dariya ta kama ni. Kullum da safe a nan masu turi suke dafawa, su danne murfin ya kama, su kawo min mota babu laifi.

Ubaidullahi ya rantse ya fi mako bai buɗe wurin ba. Na ɗaga shimfiɗar da ke kan safayar taya, sai ga ƙulli cikin wani baƙin zane. A ciki akwai tsofaffin zannuwa uku wankakku, sabulu, dabino a leda, man shanu a ƙaramar kwalba, da wata hular jariri da aka saƙa da hannu. A gefe kuma ga ƙullin kanwa, da alama jiya aka ƙara shi.

Ya daɗe yana kallon baƙin zanen. Ba sai ya faɗa min na Inna ne ba. Kullum idan ya tafi gona sai ta zo ta ƙara abu ɗaya, ta mayar da murfin a hankali kamar mai rufe ƙwaryar nono da faifai, don kada a ji ƙara. Ni kaina sai da na juya na yi kamar ina neman sufana.

Na ce abu mai sauƙi ne, a nuna mata yadda ake buga murfin.

Ya girgiza kai. “Idan ta san na gani, ba za ta ƙara zuwa ba. Cire ƙwan fitilar kawai.”

Na cire na ba shi, ya sa a aljihu. Ya mayar da ƙullin yadda yake, ya sauke murfin a hankali bai bari ya kama ba. Muka ɗaura batirin a babur na kai Rano na cajo masa.

Bayan kwana tara, da hantsi, sai ga shi a garejina a ƙafa daga asibiti, idanu jajur, baki har kunne. Mace aka samu, ita da uwar lafiya. Ni dai abin da na fara tambaya shi ne mota, ya ce bugu ɗaya ta tashi. Sannan na tambayi Inna.

Ya ce tun daga Durba tana kujerar baya riƙe da Ramlatu, ba ta ce masa uffan ba. Sai da suka tsaya a ƙofar asibiti ta fito, ta dubi wata ma'aikaciya, ba shi ba, ta ce, “A gaya wa wancan ya duba bayan motar. Kamar na ga wasu tsummoki, ko za su yi amfani.”