Shukar da Dogo Ya Bar Mini

Sati uku ke nan da aka kwantar da Dogo a asibiti da karayar ƙafa, shukarsa kuma tana mutuwa a hannuna.

Teburinsa ne a jikin taga a ofishinmu, nawa a bayansa. Shekara biyu ina kallon ƙeyarsa da wannan tukunyar. Shuka ce mai faffaɗan ganye, kore shar, wadda yake goge wa ƙura da hankicinsa kafin ya kunna kwamfuta. Ranar da na je dubiya, ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Don Allah ki kula mini da shukata." Na taho gida ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Duk ofishin ni ya zaɓa. A littattafan da na karanta ma haka abin yake somawa, da ɗan ƙaramin roƙo.

Kullum da safe nakan cika kofina in ba ta. Da ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, na ƙara rabin kofi. Da ya langaɓe, na ƙara wani kafin a tashi. Ga aikin Dogo da aka jibga mini, ga idona yana yaji, ga ganye yana zuba ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis za a sallame shi, ban san da wane bakin zan gaya masa ba.

Ranar Talata na yi sammako. Ina karkata kofin, Inna mai shara ta yi magana daga bayana.

"'Yata, ke ma kashe ta kika zo yi?"

"Ruwa zan ba ta, Inna. Dogo ne ya bar mini amanarta."

"Ya bar miki." Ta jingine tsintsiya. "Ya bar wa Anti sakatariya, ita ƙarfe goma take ba ta. Ya bar wa manaja, shi ragowar shayinsa yake juye mata. Direba ma da gorarsa yake shigowa. Duk wanda ya je dubiya da amanar nan ya dawo. Ni ma ya gaya mini."

Na ajiye kofin a hankali.

"Me ya hana ki faɗa mana?"

"Na faɗa wa manaja, ya ce in ji da sharata. Sa yatsarki a ƙasar."

Na sa. Ya nutse kamar a cikin taɓo, wani wari ya taso.

"Haka ake tambayarta," in ji Inna. "In kin ji danshi, ki wuce abinki. Sai ƙasar ta bushe har gaɓa ɗaya ta yatsa. Ku kuwa kowa ya tuna da Dogo sai ya zuba."

Ta shimfiɗa tsohuwar jarida, muka kifa tukunyar. Farantin da ke ƙarƙashinta cike yake da baƙin ruwa. Saiwoyin sun yi baƙi sun yi yauƙi, kana taɓawa suna saɓulewa. Ta miƙo mini almakashin ofis, ta ce duk mai laushi in yanke. Na yi ta yanka har na fara jin tsoron ba abin da zai rage.

Muna cikin haka Anti ta shigo riƙe da butarta.

"Me zan gani? Tiyata ake yi?" Ta dubi idona, ta dubi Inna, ta yi 'yar dariya. "Ayya, ƙanwata. Kin ɗauka ke kaɗai ce uwar ɗiya? Dogo fa ko kujerar nan zai iya bar wa amana."

Na ci gaba da yanka. Ƙarfin da zan ji haushi ma babu.

Saiwa huɗu suka rage farare. Inna ta ɗebo busasshiyar ƙasa mai yashi daga bayan gini, ta zura tsinke ta buɗe hujin tukunyar da ya toshe, muka mayar da shukar. Ta matsar da ita gefen tagar, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukanta.

"Za ta rayu, Inna?"

"Ban sani ba. Ku dai ƙyale ta ta huta da ku sati guda."

Na rubuta "Kada kowa ya zuba ruwa" a takarda na manna a jikin tukunyar. Sannan na rubuta wa Dogo dogon saƙo, na goge, na sake, na goge. Daga ƙarshe layi biyu na aika: ruwa ya yi wa shukar yawa, mun yanke abin da ya ruɓe.

Da azahar amsa ta zo, amma a zauren waya na ofis inda kowa yake gani. Ya gode wa manaja, da Anti, da direba, da ni. Ya manta da Inna. Na je na karanta mata, na ƙara sunanta a farko. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ce in ɗaga ƙafata za ta share wurin.