Korayen Ƙwayoyi a Cikin Randa

A daminar 1991 Sakinatu Bahago ta haɗa sinadarinta sau tara, duk yana lalacewa. Ɗalibar digiri na biyu ce a fannin haɗa magunguna, kullum takan hau bas daga Ƙofar Doka zuwa jami'a. Aikinta shi ne ta ɗaura jan ƙarfe a jikin maganin kumburi irin wanda ake kira sitiroyid, ta ga ko zai ƙara masa ƙarfi. Ruwan haɗin yana bukatar sanyin da ba ya yankewa har kwana biyar kafin ya daskare ya fitar da ƙwayoyi. Wuta kuwa ba ta zama, firjin ɗakin gwaji ya yi ta mutuwa, sai ta tarar da baƙin dagwalo a gindin kwalba.

Malaminta, Dakta Inuwa, ya ce ta sauya batu tunda lokaci na tafiya. Ta roƙi mako biyu.

Ta sake haɗawa karo na goma, ta toshe bakin kwalbar da kakin zuma, ta kai gida, ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a tsohuwar randa, ta kulle ɗakin. Safe da yamma tana yayyafa ruwa tana duba ma'aunin zafi. Ran kwana na shida ta ga korayen ƙwayoyi kamar gishiri sun kwanta a ƙasa.

Labari ya kai kunnen kawunta Malam Shehu, maɗinkin manyan riguna, wanda yatsunsa suka kumbura har allura ta gagare shi riƙewa. Ya zo ya ce ta ɗan ɗiba masa.

"Kawu, ko ɓera bai sha ba tukuna," in ji ta. "Ban san abin da zai yi wa cikinka ba."

Ya tashi da fushi, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta ba shi ba.

Da aka gwada a kan ɓeraye goma sha biyu, kumburin ƙafarsu ya sauka da wuri, sai dai uku sun daina cin abinci, aka sami gyambo a cikinsu. Dakta Inuwa ya ce wannan ya ishe ta digiri. Sakinatu ta rubuta sakamakon duka, har da ukun. Da azahar ta je wajen Hajara mai kula da ma'ajin sinadarai, ta cike takardar neman tutiya, don ta gwada ta a maimakon jan ƙarfe, ko za a kauce wa gyambon.