Layu Uku na Gidan Maiturare

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami a gaban manya. Ban taɓa rubuta labari ba. Inda na yi tuntuɓe a ɗauke kai.

Kwana uku Zulai ta yi a gaban adakar kakanta, marigayi Alhaji Maiturare na Kudan, har ƙafafunta suka yi tsami. Takarda ɗaya tak take nema: hukuncin da alƙali ya yanke shekara talatin da suka wuce a kan fadamar rakensu ta hanyar Likoro. A wancan lokacin Maiturare ya yi shari'a da ƙanensa Mamuda, ya yi nasara. Yanzu kuwa, shekara biyu da samun mulkin kai, mazarƙwaila ta yi daraja, sai Iliyasu ɗan Mamuda ya tayar da maganar. Ya ce gadonsa ya kai har gindin giginya. Tanko, mahaifin Zulai, ya ce a rafi ya tsaya. Tsakanin rafin da giginyar nan kuwa rake mafi kauri yake fitowa. Ranar Alhamis za a zauna, ga shi da Tanko ya je neman kwafin kotu an ce masa gara ta cinye littafin wannan shekarar.

Tanko ya sauke Alƙur'ani, amma rubutun hannun ubansa ya gagare shi, kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zulai kaɗai ke iya warware shi a gidan. Ta fara daga ƙasan adaka, inda wasiƙun kakan babanta, Muhammadu Auwalu falke, suke a ɗaure da zare. Daga hanyar Gwanja ya aiko su: jakuna bakwai sun mutu, goro ya yi zafi, a gai da kowa. A kansu akwai na Maiturare, har yau suna ƙamshin miski, yana faɗa da wani dillalin Kano da ya aiko masa kwalabe a fashe. Can sama kuma takardun lodin mota na Tanko, da rubutun boko da kan sarki. Komai yana nan, har takardar sayen wani jaki mai ido ɗaya. Hukunci ne dai babu.

Tanko ya leƙo, karo na biyar tun hantsi. "An gani?"

"Ba a gani ba, Baba."

"Wane irin karatu ne wannan? Kin tsaya jin labarin jakuna ko?"

Gaskiya kuwa ta ɗan tsaya.

Kakarta Uwaliya tana bakin ƙofa tana kaɗi. Ba wanda ya gaya mata abin da ake ciki, wai kada a tayar mata da hankali. Ta murza mazari a cinya ta ce, "Ke sarkin bincike, wai me kuke tonowa ne kamar kaji a juji?"

"Wata takarda ce, Iya, mai hatimi a ƙasa."

"Zagayayye kamar gindin kofi?"

Zulai ta ɗago kai. Tanko, da ya juya zai fita, ya dawo.

"Ai wannan ba ta taɓa shiga adaka ba," in ji Uwaliya. "A aljihun ƙirji Malam yake ajiye ta, da ita yake tafiya, da ita yake dawowa. Ranar da ya cika na same ta a rigarsa. Na ce takardar da mutum ba ya rabuwa da ita haka, in ba addu'a ba mece ce? Na kai wa baduku."

"Baduku, Inna?"

"To in ba wa in hana wa? 'Ya'ya uku gare ni. Na sa ya yanka ta uku, ya ɗinke kowace a jar fata. Ga taka nan a damtsenka, shekara goma sha biyu tana tsaron ka, ko godiya ba ka taɓa yi ba."

Tanko ya zauna a ƙasa daɓas. Ya daɗe yana kallon damtsensa. Sannan ya ce a miƙo masa aska.

Uwaliya ta yi salati, ta yar da mazari, ta ce duk abin da ya same shi a hanyar Kano kada a zo mata da kuka. Bai saurare ta ba. Ya farke ɗinkin, Zulai ta warware 'yar takardar a hankali da farce, don ta sha gumi ta manne. Bisimilla ce, da shekara, da sunan Maiturare da na Mamuda, sai gefen da wuƙar baduku ta bi.

Kashi na biyu yana wurin yayarsa Lantana da ke aure a Taba. Tanko ya hau keke da rana tsaka. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ƙafar wando duk laka, don Lantana ta hana, sai da ya rantse zai yanka mata rago ya yi sadaka. Zulai ta jera guntayen biyu a kan faifai ta karanta a fili. Shaidu huɗu, kowa da abin da ya faɗa, biyu sun ce rafi, biyu sun ce giginya. Layin ƙarshe ya ce, "Sai alƙali ya hukunta cewa iyakar tsakaninsu ita ce", daga nan takarda ta ƙare.

Tanko ya buga cinya. "Inna, kin ce uku. Mu biyu kika haifa. Ina ta ukun?"

"Iliyasu fa? Da ubansa ya rasu ba a bayana ya girma ba? Ko so kake in ware maraya?"

Zulai ta ji kamar ta kifa kanta a cikin adakar ta ja murfi.

Ranar Laraba suka bi motar 'yan kasuwa zuwa Makarfi, ita da Uwaliya, don Tanko ya ce in ya je da kansa za a yi abin kunya. Iliyasu ya baro rumfarsa da gudu, ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da Tanko. Ya sa aka kama kaza. Sai da aka ci aka wanke hannu Uwaliya ta faɗi abin da ya kawo su.

Iliyasu ya dafe damtsensa ta saman riga.

"Inna, da bakinki kika ce kada in cire ta sai ranar da za a yi mini wanka. Ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa."

"Shekarar da mota ta kife da mu a kwanar Tashar Yari, mutum nawa aka kwasa? Ni ko ƙwarzane. Yanzu a ce in farke?"

Zulai ta matso kaɗan. Ba ta saba magana a gaban maza ba. "Baffa, ba addu'a ba ce a ciki, hukunci ne. A buɗe a karanta, layi biyu ne, sai a mayar a ɗinke."

"Ji 'yar boko! A wane aji aka koya muku cewa laya tana shan iska ta koma laya? Kuma da sunan Allah ba a fara ta ba?"

"An fara, amma wannan ɓangaren yana wurin Baba."

"To ai tare aka rubuta su." Ya yi murmushi. "Ke kin san abin da ke cikin tawa? In giginya aka rubuta fa?"

"Ban sani ba, Baffa. Shi ya sa za a buɗe."

"Ni ban matsu ba."

Ta juya wajen kakarta tana neman agaji. Uwaliya tana sakace haƙori. Ta ce, "Gaskiya motar nan ta kife. Ni na yi jinyar tsoron ma."

Washegari alƙali ya juya guntayen biyu, ya duba gaba ya duba baya, ya ce hukuncin da ba shi da ƙarshe ba shi da hatimi ba hukunci ba ne, kuma shi ba zai sa a tuɓe mutum a gabansa saboda maganar tsohuwa ba. Ko rantsuwa ko sulhu. Tanko bai yarda ya dafa Alƙur'ani a kan abin da aka yi yana yaro ba. Iliyasu ma haka. Dattawa suka tafi fadama da igiya, suka auna daga rafi zuwa giginya, suka kafa turke a tsakiya. Rabin raken ya tafi.

Da yamma Iliyasu ya shigo cikin gida yi wa Uwaliya ban gajiya, dattawa biyu na biye da shi, Tanko a baya fuska a murtuke. Aka ce Zulai ta kawo ruwa. Tana durƙusawa da ƙwarya wani dattijo ya ce a yi fatiha, Allah ya ƙara haɗa kan zumunta. Iliyasu ya ɗaga hannuwa, hannun rigarsa ya zame. Ga layar nan a damtsensa, jar fatar ta koma baƙa, bai fi taƙi ɗaya daga idonta ba. Har zaren ɗinkin ta gani, wani wuri ya fara sakewa. Farce ɗaya zai isa.

Aka shafa. Ya gyara hannun riga, ya ce ruwan nan da sanyi yake. Uwaliya ta shiga ba su labarin yadda yake satar mata ƙuli yana ƙarami, kowa ya bushe da dariya, har Tanko ya ɗan murmusa. Zulai ta ajiye ƙwaryar, ta ja da baya, ta bi ta bayan rumbu ta fice, ba wanda ya waiwayo.