Kunun Kanwar Safara'u

Kwana talatin da haihuwa, Safara'u ta goya Fatihu ta hau bayan babur zuwa asibitin da ke gaba da Zakirai. Damuwarta ɗaya ce: yaron ba ya ƙara nauyi. Zaren da aka ɗaura masa a hannu ranar suna har yau yawo yake yi.

Likitan da ta samu matashi ne, Dakta Abdulkabir, wata biyar ke nan da fara horon zama likitan iyali. Ya duba yaron tsaf. Ya ɗora shi a sikeli, ya leƙa bakinsa, ya sa aka ɗebi jini. Babu maleriya, babu zazzaɓi.

"Ban ga ciwo ba, Hajiya. Ki ƙara ba shi nono."

"Ina ba shi, likita." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ƙoshi ne ba ya yi."

Ba ta tashi daga kujerar ba. Ta riga ta ƙudurta ba za ta koma gida da wannan amsar ba. Ganin haka ya kira Dakta Ramlat, wadda take shekara ta huɗu a horon.

"Sannu maijego," in ji Dakta Ramlat da ta shigo. Ba ta taɓa jaririn ba tukuna. Ƙasa ta kalla, inda Safara'u ta take bayan takalminta. "Wannan naki ne ko na aro?"

Safara'u ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Na lefe ne. Ƙafar ce ta fi ƙarfinsa."

Likitar ta danna mata ƙwauri da yatsa. Wurin ya lotsa, bai dawo ba.

"A kwance kike barci ko a jingine?"

"A jingine. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero."

"In kina shayar da shi fa?"

Safara'u ta sunkuyar da kai. Ko mijinta ba ta gaya wa ba: haki ke kama ta, sai ta zare yaron kafin ya gama.

"Kunun kanwa kofi nawa kike sha?"

"Inna ba ta san kofi ba. Kwano ne, safe da yamma. Ga wankan ruwan zafi."

Dakta Ramlat ta saurari bayanta, ta ce wa Abdulkabir shi ma ya saurara can ƙasa. Ya daɗe yana ji, sannan ya ɗago a hankali.

"Akwai ruwa a huhu. Ni yaron kawai na duba."

"Kuma ka duba shi daidai. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko. Sai da masu jego da yawa suka wuce ta hannuna kafin idona ya saba kallon ƙafa."

Ta juya ga Safara'u. Ta ce kanwa tamkar gishiri ce, ta tara mata ruwa a jiki, zuciyarta ta gaji. Za a ba ta gado.

"Ni fa yaron na kawo."

"Na sani. In kika samu numfashi, shi ma zai ƙoshi."

Safara'u ta tuna Inna, da ke tashi tun asuba tana hura wutar wanka, ga saura kwana goma arba'in. "Za ta ce an raina ƙoƙarinta."

"Kira ta, ni zan yi mata bayani. Ta ci gaba da dama kunu, ban da kanwa."

Inna ta zo da yamma, ta yi mitarta, washegari ta kawo kunun gyaɗa.

Ranar kwana na bakwai a asibiti, Safara'u ta shayar da Fatihu har ya saki da kansa, ya yi barci baki buɗe. Dakta Abdulkabir ya ɗora shi a sikeli, ya nuna mata inda allurar sikelin ta tsaya, gaba da na ranar farko. Kafin ya rubuta, sai da ya durƙusa ya danna ƙwaurinta.

"Sa takalmin mu gani," in ji shi.

Ta sa, ya shiga.