Kofin Ranar Baƙi

Ya ɗaga kofin gilashin sama yadda manaja ya koya masa, ya bari hasken rana ya ratsa ruwan, sannan ya kafa kai ya shanye. Baƙi suka tafa. Matar da hukumar muhalli ta turo ta yi rubutu a takardarta tana gyaɗa kai.

"Kun gani ko?" in ji manaja. "Dattin rini ne wannan, injinmu ya tace shi. Ga mai kula da injin nan, shi ma abin da yake sha ke nan."

Ruwan kam tas yake, injin ba ya ƙarya. Sai dai sau huɗu ake kunna shi a shekara, ranar baƙi. Wai shan mai gare shi, matatarsa sai an kawo daga waje, injiniyan da ya kafa shi kuwa tuni ya kama gabansa. Sauran ranaku akwai wani jan famfo a bayan tanki, shi ke murɗa shi da hannunsa, ruwan rini ya bi kwata ya gangara rafin da ya ratsa bayan gidansu.

Motar baƙi ba ta gama fita ba manaja ya ce, "Malam, kashe mana abin nan, ba sadaka muka zo yi ba."

Ya kashe, ya zagaya baya. Wata bakwai ke nan da binne ƙaramar 'yarsa Auta, amma duk sanda ya kama jan famfon nan sai ya ji nishinta a cikin ƙugin ruwan. Tsoro yake ji, wallahi, ya kuma murɗa.

*

A falonsu kalandar kamfanin na rataye, ga hotonsa ɓaro-ɓaro da kofi a baki. Tun ranar da ya kawo ta matarsa ta sallami mai kawo musu ruwa, ta koma ɗibar na rijiyar gida. Har gori take wa maƙwabta: mijinta ya sha a gaban duniya, wa zai gaya mata? Da ƙafafun Auta suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce, ita ta ce ƙaddara. Shi kuwa ya ci gaba da murɗa famfonsa.

Yau ya tarar da babbar 'yarsu kwance a ɗaki. Ya yaye zanen da aka lulluɓe ta da shi. Ƙafafun sun yi suntum.

"Ki daina ba ta ruwan rijiyar nan," ya ce wa matarsa da ya fito falo.

"Saboda me, Baban Auta?"

"Ki dai daina."

"Ba ka ce ana tacewa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ta dube shi, ta dubi kalandar, ta daɗe tana duban ta. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya so a ce kukan ta yi. Ta fita tsakar gida, ya ji ƙarar guga, ta dawo da kofi cike ta miƙa masa. Wani shuɗi-shuɗi na yawo a saman ruwan.

"Ɗaga shi sama," ta ce a hankali, "yadda ka saba."

Ya karɓa, ruwan na zuba a kan takalminsa na aiki. Daga cikin ɗaki yarinyar ta kira shi.

"Baba, ƙishirwa nake ji."